Waƙafin Sajo

A bazarar 1996 sanƙarau ya shiga ƙasar Gumel. Wata ƙungiyar agaji ta kafa kwamfuta biyu a ɗakin ajiyar magani, suna karɓar saƙon rediyo daga asibitocin Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Ɗaya ke aiki, ɗayar tana jiran ko-ta-kwana. Idan ta farko ta yi shiru, ta biyu ta jira ɗan lokaci, sannan ta karɓi aikin.

Wani ma'aikacin ƙungiyar, Zakka, aka ɗora wa saita wannan lokacin. Mutum ne mai kaffa-kaffa, ga shi matarsa Juliana nas ce a Gagarawa, kullum hannunta a jikin marasa lafiya. Sajo, injiniyan da ya zo daga Damagaram, ya bar masa adadin mintocin a takarda: 1,500. Zakka ya ga abin da yawa, amma ya ji nauyin tambaya, kada a ce bai san aikinsa ba. Ya buga dubu ɗaya da ɗari biyar.

Ranar Alhamis da hantsi kwamfuta ta farko ta sandare, fitilarta kuwa na ci kamar lafiya lau. Ta biyu ta yi zaman jira. Zakka da ya ga ba saƙo har murna ya yi, wai ciwo ya lafa. Motar magani ta wuni a gindin darbejiya.

Juma'a kafin azahar Sajo ya dawo, ya leƙa, ya dafe kai.

"Malam Zakka, wa ya sa wannan? Minti ɗaya da rabi na rubuta! Mu a can waƙafi muke sawa inda kuke sa ɗigo."

Mintocin da Zakka ya buga, awa ashirin da biyar ke nan. Bai rufe baki ba lokacin ya cika, na'urar buga takarda ta fara amayo saƙonni. Tsoro ya kama Zakka. Ya tsallake na Maigatari, ya nemo na Gagarawa.

Na jiya da azahar: allura ta ƙare. Na jiya da la'asar: Sista Juliana ta kwanta, wuyanta ya ƙage, a turo mota. Na yau da safe: muna jira har yanzu.

Na huɗu, wanda shi ne na ƙarshe, bai kai rabin awa da aikowa ba. Ba su nemi allura ba. Sun ce a gaya wa mijinta ya zo da danginsa.