Layukan Yaya Alkasum

Raihanatu ta sake danna maɓallin, ordinatar, wato kwamfutar ƙungiya, ta sake cika allonta da jan rubutu. Kwana uku ke nan manhajar ƙungiyar manoman albasa ta Ƙonni ba ta aika wa kowa saƙon ranar da ruwan dam zai shiga gonarsa ba.

Yayanta Alkasum ne ya rubuta manhajar, shi ya koya mata aikin, kuma bara ciwon hanta ya ɗauke shi. Yanzu masu babbar manhajar da ya ɗora tasa a kai kamar ginshiƙi, can wata duniya, sun koma sabuwar ƙa'idar harshen kwamfuta, sun daina karɓar tsohuwar. Su dai ba su san wani Alkasum ba.

Gyaran bai fi ƙarfinta ba, wata biyar ke nan da suka sanar da canjin, tana kauce masa ne kawai. Alkasum mutum ne mai surutu har a cikin aiki. Tsakanin layukan umarni yakan bar mata 'yan maganganu da na'ura ba ta karantawa. "Raihanatu, kar ki taɓa nan, ni ma ban san yadda aka yi yake aiki ba." Can ƙasa kuma: "In kin iso nan, tashi ki ci abinci." Duk ranar da kewarsa ta dame ta, nan take buɗewa.

Malam Munkaila, shugaban ƙungiyar, ya leƙo buro, ɗan ofishinsu, hularsa a hannu.

"Ɗiyata, albasar mutanen Takama ta fara kwantawa. Jiya mutum biyu sunka yi faɗa bakin kanal, kowa na cewa ranar shi ta."

"Yau za ya gyaru, Baba."

Ta kwafe tsohon rubutun ta adana, ta san kuwa ba ɗaya ba ne da tarar da shi a bakin aiki. Sannan ta fara. Abin da Alkasum ya yi a layi talatin, sabuwar ƙa'ida a uku take yin sa, maganganunsa ba su da wurin zama. Tana gogewa tana share hawaye da bakin mayafi.

Bayan la'asar wayar Malam Munkaila ta yi ƙara. Ya duba, ya washe baki.

"Ga shi ya shigo! Allah ya jiƙan Alkasum. Kin gani, har yau aikin yaron nan bai mutu ba."

Raihanatu ta dubi allon. Ko layi ɗaya nasa bai rage ba.

"Amin, Baba," ta ce.