Ƙwarin Dattijo Orval

Shirun ne ya fara tsorata Marlys. Duk wanda ya tashi a gidan Orval Haugen ya san ƙarar ƙwari in suna kan nama, wani ɗan ƙas-ƙas kamar yayyafi a kan kwano. Da safen nan ta ɗaga murfin tsohon firizan da suke zaune a ciki, ba ta ji komai ba. Fitilar da ke ɗumama su na ci, kan barewar da ta sa musu na nan da namansa, ƙwarin kuwa sun zube a gindinsa, ƙafafu a sama. Ta tona da hannu har ƙasa. Ko tsutsa ɗaya ba ta motsa ba.

Ƙwarin nan sun girmi Marlys a gidan. Da su ne mahaifinta Orval ya yi suna a wannan yanki na jihar Montana: mafarauci ya kawo kan abin da ya harbo, ƙwari su cinye naman tas, a ba shi farin ƙashi da ƙahonsa ya rataye a bango. Yanzu Orval na kwance a falo, ciwo ya cinye shi, idanu sun tafi, likita ta ce a kira na nesa. Ba ya neman abinci, ba ya neman fasto. Abu ɗaya yake tambaya kullum: kan ƙaton namijin barewar da ya harba a kakar bana, harbinsa na ƙarshe.

Ta kira ƙanenta Dell a waya, wanda kan barewar ya kwana biyu a garejinsa.

"Kai Dell, me ka yi wa kan nan?"

"Ni? Ba abin da na yi, Yaya. Rataye shi kawai na yi."

"Kawai?"

"To, ƙudaje sun dame ni, na ɗan fesa masa magani. Ɗan kaɗan fa."

"Maganin ƙwari! A kan abincin ƙwari! Kai ɗan gidan uban wa ne, Dell? A gidan nan aka haife ka ko tsinto ka aka yi?"

"Ai na ɗauka in kin sa shi a ƙanƙara..."

"Ƙanƙara ƙwan ƙuda take kashewa, sakarai, ba guba ba!"

Ta katse wayar. Dell mutumin kirki ne, amma irin kirkin da ke rushe gida yana murmushi.

Ta kira Lyle, abokin hamayyar babanta a sana'a, da ke bayan duwatsu. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce, "'Yata, ko babanki ne ya tashi ya roƙe ni, ba zan sa kai mai guba a akwatina ba. Shi ma ba zai sa ba." Sababbin ƙwari kuwa sai an aiko da su daga nesa, kuma kafin su yi yawan da za su ci kai irin wannan, an daɗe da binne Orval. Ta zauna a kan bokiti ta yi kuka, kukan da ta hana kanta a gaban gadonsa.

Hanya ɗaya ta rage, ita ce wadda aka haramta a gidan. Orval ya sha cewa mai dafa kai mahauci ne, ba ma'aikaci ba. Tafasa tana sa haƙora su yi girgiɗi, tana kuma narkar da siraran ƙasusuwan cikin hanci, waɗanda suke a nannaɗe kamar takarda. Ƙwari kaɗai ke barinsu lafiya. Marlys ta san duk wannan, amma ta jawo babbar tukunya bayan rumfa, inda iska ba za ta kai warin falo ba. Ta rage wuta iya ragewa, tana kankarewa da wuƙa, dusar ƙanƙara na sauka a wuyanta, tana roƙon Allah a fili. Da ta ɗago kan, sai ga ƙasusuwan hancin sun biyo ruwa guntu-guntu.

Ta wanke shi, ta shanya, ya yi fari sol. Wanda bai sani ba sai ya ce aikin Orval ne. Ta ce a ranta ai ba ya gani, Allah ya sa hannun ma ya gaji.

Ita da Dell suka shigo da shi, ƙahon na gogar ƙofa.

"Baba, ga mutuminka."

Fuskar tsohon ta buɗe. Suka ɗora masa a kan bargo. Ya bi ƙahon da tafin hannu, reshe bayan reshe, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ɗan banza. Sai da ya sa na hau dutsen nan da gwiwa."

Ya shafa goshin, ya shafa ramin ido. Sannan, kamar yadda ya yi wa kowane kai tun kafin a haife ta, ya zura yatsa cikin hancin. Yatsan ya shige har ƙarshe, bai taɓa komai ba.

Dariyar ta tsaya. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya san 'yarsa, ya san ba za ta ɗora tukunya ba muddin akwai ƙwaro mai rai a firizan.

"Marlys."

"Na'am, Baba."

"Duka?"

Dell ya buɗe baki, ta damƙe masa hannu.

"Duka, Baba."

Ya daɗe yatsansa na cikin ramin. Can ya ce, "To, je ki kashe musu fitilar."