Na'ura ta Biyar

A ofishinmu babbar kwamfuta guda ɗaya ce, tana wani ɗan ɗaki kusa da banɗaki, kullum cikin huci kamar wadda aka ɓata wa rai. Ni ke kula da ita, shi ya sa kowa ke ce mini Injiniya, ko da yake rabin aikina sake wa mutane kalmar sirrin da suka manta ne. Wanda ya kafa ta tun kafin a ɗauke ni aiki mutum ne da bai yarda da kowa ba. Sai ya tsara ta yadda babu mai amfani da wata na'ura da ke jone da ita sai ya fara ware wa kansa ita da sunansa. Kana son sikana mai ɗaukar hoton takardu, ka nema, kwamfuta ta ba ka, in ka gama ka saki. Muddin tana hannunka, ko wane ne ya zo sai ya ja kujera ya jira.

Haka muke lallaɓawa har aka turo mana sabon Oga daga hedikwata. Gajere ne, da biro uku a aljihun gaba, kuma duk maganar da ka yi masa amsarsa ɗaya ce: "A rubuce." Makonsa na farko ya ƙirga kujeru. Mako na biyu ya faɗo ɗakina ba sallama.

"Injiniya, an ce wannan abin shi ke raba wa mutane kayan aiki."

"Haka ne, Yallaɓai."

"To ni me da me zan iya ɗauka?"

Na shigar da sunansa, na buga umarnin da ke lissafo na'urorin da mutum ke da izinin ware wa kansa. Layi biyar suka fito a allo. Ya zaro biro ɗaya yana bin su yana karantawa: sikana, mai kwafar faifai, ramin filasha, na'urar sauti, na'urar kaset.

"Biyar," in ji shi. "Nuna mini su."

Na nuna masa huɗu. Ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa. Gaskiya shekarata shida a ɗakin nan ban taɓa ganin na'urar kaset da idona ba, ban kuma taɓa damuwa ba, tunda ba wanda ya taɓa nemanta.

"Yallaɓai, ai kwamfutar ba leƙa ɗaki take yi ta ƙirga ba. Wani fayil take karantowa, abin da aka rubuta mata a ciki shi take faɗa. Ƙila an cire na'urar tuntuni aka manta ba a goge layin ba. Bari in goge shi yanzu, minti ɗaya."

Ya dafe mini hannu a kan madannai.

"Ka goge? Shaida za ka goge a gabana?"

Kafin a tashi aiki takarda ta hau allon sanarwa: kayan ma'aikata ya yi ƙafa, an ba Injiniya kwana uku ya fito da shi ko ya yi bayani a rubuce. Sakatariya, wadda ta buga takardar, ta biyo ni har ɗaki tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Injiniya, ashe kai ne ɓarawon? Wallahi da ka faɗa mini da na taya ka ɗauka."

"Ke ko kamanninta kin sani?"

"Ina fa. Oga ma bai sani ba. Ɗazu yake tambayata ko za ta shiga aljihu."

Ranar farko na birkice sito, ban samu komai ba sai tsofaffin kalanda da wata fanka mai fiffike biyu. Rana ta biyu na nemo lambar wanda na gada, wanda ya yi ritaya ya koma kiwon kaji. Da ƙyar nake jin sa saboda kukan kajin.

"Kaset? Wannan tsohuwar banzar? Akwati ne mai ruwan toka, nauyi kamar mataccen jaki. Shekara tara ke nan da na cire ta na ajiye a baranda don masu bola su kwashe. Me za ku yi da ita?"

"Oga ke so."

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce, ya kashe wayar.

Wanda duk ya san abin da ya taɓa zama a barandar ofishinmu, to bayan Iya mai shara yake. Ta fi kowa daɗewa a wurin, ta ga zuwan Oga bakwai da tafiyarsu, kuma ita ke dafa wa kowa shayi a ɗan kicin ɗin da ke ƙarshen baranda. Na same ta tana wanke kofuna, na kwatanta mata akwatin.

"Ban gani ba," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Sai idona ya kai kan butar lantarki. Wayarta gajera ce, ba ta kaiwa soket daga ƙasa, don haka an ɗora ta a kan wani abu mai kusurwa huɗu da aka lulluɓe da ledar tebur mai zanen furanni. Na ɗaga gefen ledar. Ruwan toka.

"Iya."

"Sauke mini leda, ɗan nan. A bola na tsince ta."

Na so in rufa mata asiri, amma kwana ɗaya ya rage mini. Na je na faɗa wa Oga. Ya taho da sauri har biro ɗaya ya faɗo, bai tsaya ɗauka ba.

"Baiwar Allah, kin san wannan kayan ma'aikata ne? Kwamfuta ta nuna ina da iko da shi."

Iya ta goge hannu a zaninta, ta dube shi daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba.

"Kwamfuta ce ta ce naka ne? To daga yau ka ce wa kwamfutar ta dafa maka shayi."

Ni da direba muka ciccibi akwatin zuwa ɗakina, bayanmu kamar zai tsinke. Na ce wa Oga tunda an gan ta ai magana ta ƙare. Ya ce sam. Sai an jona ta, ya ware wa kansa ita a gaban ma'aikata, kowa ya ga yadda ake bin ƙa'ida. Na tono wata tsohuwar waya mai kauri a ƙasan durowa, na jona, ina fatan ba za ta tashi ba. Ta tashi. Wata 'yar fitila koriya ta kama, aka ji gurnani daga cikinta.

Mutum goma sha ɗaya suka cika ɗakin da aka yi don mutum biyu. Oga ya zauna a kujerata mai juyawa, ya gyara wuyan riga, ya yi ɗan jawabi a kan amana. Sannan ya buga umarnin da yatsa ɗaya, ina karanta masa harafi-harafi.

Abin da ban tuna na faɗa masa ba shi ne, kafin kwamfuta ta miƙa wa mutum na'ura sai ta sa ta yi 'yar shara, ta juya injinta ta buɗe ƙofa, don kada kayan wani su rage a ciki. Allo ya nuna an ware wa Oga. Injin ya yi ƙara. Ƙofar gaba ta buɗe a hankali.

Shekara tara akwatin nan yana shan ɗumin buta da ɓurɓushin sukari. Kyankyasai ne suka fara fitowa biyu-biyu, sannan suka daina bin layi. Manya, ƙanana, da wasu farare da ba su taɓa ganin haske ba. Suka bazu a kan tebur, suka hau madannai, wani ƙato ya buɗe fiffike ya nufi wuyan rigar Oga kai tsaye.

Oga ya yi wata ƙara da ban zaci tana cikinsa ba, ya haye kan kujera. Kujera mai juyawa kuwa ba ta san girma ba, ta fara zagayawa da shi yana riƙe da labule. Direba ya fice ta kan mai sito. Sakatariya ta durƙushe a bakin ƙofa, dariya ta hana ta gudu. Iya kaɗai ta shigo, silifa a hannu, tana bugu tana ƙirgawa.

"Sha huɗu. Sha biyar. Injiniya, su ma ka rubuta su da sunansa, ai shi ya nema."

Can na'urar ta yi tari, hayaƙi ya fito ta bayanta da warin ƙonanniyar roba, fitilar ta mutu. Na zare waya. Oga ya sauko, ya karkaɗe riga, ya ce taro ya tashi.

Washegari takardar ta ɓace daga allon sanarwa. Na tambaye shi ko yanzu in goge layin. Ya ce goge kayan ma'aikata sai da izinin hedikwata, hedikwata kuma za ta nemi a bayyana yadda na'urar ta lalace da wanda take hannunsa a lokacin. Sai ya ce a bar maganar tukuna. Har yau in ka duba, na'urar kaset tana hannun Oga, bai saki ba.

Kwana biyu ba a sha shayi a ofis ba tunda buta ta rasa abin ɗorawa, mutane suka fara yi wa juna tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A rana ta uku Oga yana kan waya da hedikwata, Iya ta tura ƙofarsa ta shiga, ta sauke tukunyar furen roba daga kan ɗan teburin baƙinsa, ta ajiye masa ita a cinya, ta ɗauki teburin ta fita. Ya bi ta da ido yana ta cewa "Na'am, ranka ya daɗe" a waya.

Da rana Iya ta kawo mini kofi har ɗaki, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ɗan nan, wannan abin naka da ke faɗin kayan kowa. Sa mini teburin a ciki, kada wani gajere ya zo gobe ya ce nasa ne."

Na ce mata ai tebur ba ya jonuwa da kwamfuta. Ta ce akwatin ma da ba a jone yake ba, amma ya shekara tara a ciki. Na buɗe fayil ɗin, na ƙara layi na shida, ta tsaya a kaina har sai da na karanta mata shi sau biyu.