Jinkar Ƙasimu

"A bar ta a ƙasa," in ji Nafi'u, yana dafe da danga. "Ba mai ɗaga ta sai mai ɗaki ya zo."

Mazan unguwa sun riga sun kewaye jinkar, kowa ya naɗe hannun riga. Ni Mala, maƙwabcinsa, ni ne a gaba, don jinkar da na ɗaga a duniya ta fi haƙoran garin nan yawa, kuma yunwa biyu da sanƙarau sun neme ni sun gaji. Amma a ƙauyenmu na ƙasar Guci, mai ɗaki ne ke shiga ƙarƙashi ya tallabi tsakiya da kansa. In wani ya shiga, ɗakin ya zama na wani. Mai ɗakin kuwa, Ƙasimu, ɗan Nafi'u namiji tilo, yana gidan kaso a Magarya.

Awakin mutane suka kai shi. Na farko aka ja masa kunne, na biyu ya yi watanni, na uku alƙali ya ce dokar mai maimaita laifi ce ta hau kansa, ya lafta masa shekaru. Ɗakinsa ya zauna har gara ta cinye rufin.

Bayan girbi rediyo ta ce an sassauta wannan doka. Nafi'u, da tari ya riga ya tsotse, ya miƙe kamar an canza masa ƙirji. Ya yanko ciyawar shuci don sabuwar jinka, ya yanta, ya ɗaure tanka, yana tari yana baibaya.

"Malam, ka bari a ji tabbas," in ji matarsa Ƙande.

"Ba da kunnenki kika ji ba? Hukuma ba ta magana biyu."

Sai kuma aka ga Rabilu na Mallawa a kasuwa yana cin tsire. Shi ma kamu na uku ne, da rago ma, kuma Ƙasimu ya riga shi shiga. Nafi'u ya ce to, in na baya ya fito, na gaba yana hanya. Shi ne ya sa rana ya tara mu. Muka jira har rana ta take, ba Ƙasimu.

Washegari na ɗora Nafi'u a amalankena zuwa bakin hanya, muka shiga mota. Ban taɓa zama a lakwal na yi boko ba, amma ba a haifi mai kakin da zai sa ni in-ina ba.

"Ranka ya daɗe," na ce wa gardin ƙofa, "an sake doka, mun zo ɗaukar yaronmu."

"Baba, an sake, amma don waɗanda za a yi wa shari'a nan gaba. Wanda aka riga aka yanke wa, an yanke."

"Rabilu fa?" in ji Nafi'u.

"Shari'arsa ta makara, sai ta tarar da sabuwa."

"Wato laifin ɗana shi ne an kama shi da wuri?"

Gardin ya kau da kai, ya buɗe mana.

Ƙasimu ya zo bayan ƙarfe ya durƙusa. Shi ya daɗe da sani. Ya ce ranar da labarin ya zo har rabon tabarmi da kwanuka suka yi a ciki, da yamma kowa ya koma ya karɓi nasa.

"Baba, ka rame."

"Aiki ne. Na yi maka jinka, irin wadda ruwa ke jin kunya."

"Ku ɗora. Baba Mala ya shiga a madadina."

"Mala? Ya shiga ya gaje maka ɗaki, ya dame mu da labarin yunwa?"

Muka yi dariya, tari ya katse tasa.

Daga nan Nafi'u bai ƙara fita gona ba. Kullum da hantsi Ƙande ta shimfiɗa masa tabarma gefen jinkar, rediyo a kunnensa, ko za a ce an yi mantuwa an gyara. In iska ta zare shuci ɗaya, sai ya ja jiki ya soke shi. Da gajimare ya fara haɗuwa na ce masa, "Nafi'u, ruwa zai ruɓar da ita a ƙasa."

"Ka ga mai ɗaki?"

"Ban gani ba."

"To."

Ranar wata Laraba bayan azahar Ƙande ta leƙo ta kan danga. "Mala, zo ka duba mini maigidan. Na kira bai amsa ba."

Na same shi a jingine, zaren shuci a hannu, rediyo na ba da labarin farashin wake. Ni na rufe masa ido, ni na shiga kabari na karɓe shi, inda ɗansa ya kamata ya tsaya.

Bayan sadakar uku samari suka ce a ɗora jinkar a huta. Ƙande ta gyara mayafi ta ce, "Kun ji abin da ya faɗa."

Ruwan fari ya sauka a daren Juma'a. Da safe na leƙa. Jinkar na nan a tsakar gida, ɗakin na buɗe ga sama, kaza ta shigar da 'yan tsakinta ƙarƙashi, inda ƙasa take a bushe.