Zanen Gado Mai Danshi

Auta ya ɗaure hannun abokin aikinsa Dogo a kan allon na'ura, ya tsoma ƙyallen yadi a ruwa, ya shimfiɗa shi a kan fatar, ya danne da ɗan ƙarfe. Aikinsu ke nan a ɗakin gwaji na masaƙa. Kafin a kai yadi asibiti a yi zanen gado da shi, sai sun auna yadda yake kama fatar mutum idan an ja shi. Na'ura ta ja, allura ta nuna ƙarfin kamun. Iri biyu suke gwadawa tun da aka buɗe ɗakin: busasshe ƙayau da jiƙaƙƙe sharkaf. Abin da ke tsakaninsu ba wanda ya taɓa bi ta kansa.

Bai kai ga danna maɓalli ba wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce, babbar 'yar'uwarsa. Ya fita baranda.

"Auta, da yamma zan zo da mota in ɗauke Inna," in ji ta. "Tunda matarka ba ta iya juya mara lafiya ba sai ta sale mata fata, ni ban mutu ba."

Shi ya jawo wannan. Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye take kwance a gidansa, matarsa ke juya ta, ta goge ta, ta sauya mata shimfiɗa. Da fatar ƙugun tsohuwar ta fara salewa, bai tsaya bincike ba, ya kai wa Yaya ƙara cewa hannun matar nan ba tausayi. Mutumin da ba ya yanke wa ƙyalle hukunci sai ya auna, ya yanke wa uwar 'ya'yansa daga bakin ƙofa.

Da ya dawo, Dogo ya harare shi. "Da na san zance za ka tafi, da na zo da matashin kai. Hannuna ya mutu."

Auta ya danna maɓalli. Ƙyallen ya cije, ya ja fatar, allura ta zarce inda ta saba tsayawa.

"Wash! Kai, fatar mutum ce fa, ba ta ganga ba!" Dogo ya taɓa ƙyallen. "Ka gani? Ya sha iska, saura danshi kawai. Wannan ba gwaji ba ne. Jiƙa shi mu sake."

Haka suke yi. Duk ƙyallen da ya fara bushewa kafin a ja, sai su ce gwaji ya ɓaci, su watsar da abin da allura ta nuna. Auta kansa ya sha watsarwa. Amma yau idonsa ya tsaya a kan jan shatin da ya fito a hannun Dogo. Ya san shatin nan. Ya gan shi da safe, a jikin da ya fi wannan laushi.

Ya naɗe hannun rigarsa. "Ɗaure nawa."

"To, yau kuma mai aunawa za a auna?" in ji Dogo.

Auta ya ɗauki busasshen ƙyalle, ya tsoma yatsu a ruwa ya yayyafa masa, daidai yadda ya koya wa matarsa. Da zafi ya tsananta, shi ya ce a riƙa yayyafa wa zanen Inna ruwa don ta ji sanyi. A gwajinsu jiƙaƙƙen yadi sulɓewa yake yi, sai ya ɗauka ɗan ruwa ma haka ne. Matar ba ta yi musu ba. "Kai ka san yadi," abin da ta ce ke nan.

Na'ura ta ja. Ya ji kamar an ɗora masa tafin hannu mai kaushi an murza. Allura ta koma inda ta je ɗazu. Ya sake gwadawa, ta sake komawa. Dogo ya daina wasa.

Motar Yaya na ƙofar gida lokacin da Auta ya isa. A ɗakin Inna, Yaya na cusa kaya cikin jaka, ba ta ko duban matarsa. Ita kuwa tana tsaye a gefen gado da kwano, idanunta sun kumbura, tana yayyafa ruwa a zanen. Har yau ɗin da za a kunyata ta, umarninsa take bi.

Ya karɓi kwanon ya ajiye a ƙasa, ya ce da matarsa, "Ɗauko busasshen zane. Yaya, kama mata kafaɗa. Ɗagawa za mu yi, ba ja ba."

"Mota na jira," in ji Yaya.

"Ta jira." Ya miƙa mata hannunsa, shatin ya yi ja. "Ba hannunta ba ne. Ruwan nan ne."

Yaya ta dubi hannun, ta dubi kwanon. "Wa ya ce a zuba?"

Matar ta sunkuyar da kai. Inna ce ta amsa daga kan gado, da harshenta mai nauyi.

"Autana ne. Shi ya san yadi. Ku bar min ruwana, zafi nake ji."

Matar ta ɗauko busasshen zane. Suka ɗaga ta su uku, suka zare zanen, suka shimfiɗa busasshe. Yaya ta zauna a kan jakar da ta haɗa, ta ce da matar, "Je ki huta, ƙanwata."

Inna ta sake cewa a ba ta ruwanta. Auta ya jawo kujera, ya ɗauki mafici, ya fara yi mata fifita. Can hannun ya gaji, ya mayar da maficin ɗaya hannun.