Awon da Ba Shi da Suna

Mu goma sha huɗu ne za mu shiga jirgin ruwan. Ni na ƙirga, ni na rubuta sunayen, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Mama ce za ta cika shekara saba'in, mu 'ya'yanta muka ce bana ba za a kama zauren coci a yi ta dafe-dafe kamar yadda aka saba ba. Yawon teku za mu kai ta na kwana tara, daga Brisbane zuwa Noumea da Port Vila, mu dawo.

Sunana Leitu. A kantin magani nake aiki a nan Logan, kusa da Brisbane, kuma duk gidanmu ni ce mai takarda da biro. Tun saura wata uku na manna jerin kaya a jikin firjin Mama. Fasfo a sama. Magunguna a jakar hannu, domin akwatuna ba sa isa ɗaki sai can da yamma. Hula, man kare zafin rana, takalmin shiga ruwa saboda duwatsun bakin teku. A ƙasa na rubuta da jan biro: banda dutsen guga, banda butar lantarki, banda dafaffen abinci. Mama ta karanta, ta ce rubutuna ya yi kyau, ta ɗora kalandar coci a kansa.

Sai maganar anko. Mu 'yan asalin tsibiran Samoa ko rakiya filin jirgin sama za mu yi sai mun fito iri ɗaya, balle wannan. Anti Mafa, ƙanwar Mama, ita ce telar dangi. Ta sayo yadi shuɗi mai fararen furanni, ta karɓi awon kowa. Ina zaune a ɗakin ɗinkinta wata Laraba sai ga Mama ta shigo, ta zaro 'yar takarda daga jaka ta ajiye a kan keken.

"Mafa, ƙara da wannan."

Anti Mafa ta gyara tabarau. "Wuya, kafaɗa, hannu... Yaya Tino, ai wannan rigar namiji ce. Ta wa?"

"Kekenki sai ya ji suna yake ɗinki?"

"Yadin mutum sha huɗu na yanko."

"Ke da kika fitar da rigunan mawaƙan coci ashirin daga yadin sha takwas? Matsa shi, zai kai."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar mu muna kallon juna.

Da yamma na kira babban yayanmu, Alapati. Tun rasuwar Baba shekara tara da suka wuce ya naɗa kansa shugaban gida. Ƙato ne, shi ke kula da masu gadi a wata babbar kasuwa, amma ko tallar sabulu aka sa a talabijin mai jariri a ciki sai idonsa ya kawo ruwa. Ya taho gidan Anti Mafa, ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo.

"Rigar Baba ce," ya ce. "Za ta rataye ta a kujera ranar bikin, ya zama yana tare da mu."

Anti Mafa ta cire allurar da ke bakinta. "Alapati, mahaifinka, Allah ya jiƙansa, gajere ne, tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Wannan awon na dogo ne siriri kamar sandar rake."

"Ƙauna ce, Anti. Haka take tuna shi."

Ya kafa doka kada kowa ya sake tambayar Mama, wai kar a fama mata ciwo. Ya kuma ce zai shirya 'yan kalmomi da zai faɗa ranar da aka fito da rigar. Duk wanda ya san 'yan kalmomin Yaya ya san abinci kan huce kafin su ƙare.

Ranar Asabar, saura mako ɗaya mu tashi, na sa kowa ya kawo akwatinsa garejin Mama da safe don in duba. Na sauran bai ba ni wahala ba. Da suka watse na jawo na Mama, sai da na sa hannu biyu.

Dutsen guga na fara cirowa, an naɗe shi cikin zani kamar jariri.

"Mama, na ce ba a shiga da wannan. Ƙwacewa za su yi a tasha."

"To da me zan goge kayan coci? Da tafin hannu?"

"Akwai masu guga a jirgin."

"Baƙo ya goge mini farar rigata? Ba a haife shi ba."

Na ajiye dutsen a gefe. Ƙarƙashinsa naman gwangwani ne guda goma sha biyu a jere, sai 'yar tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, sai gwaza ɗanye a leda.

"Mama, wurin cin abinci takwas ne a jirgin nan. Ko ƙarfe nawa kika ji yunwa akwai abinci."

"A cikin takwas ɗin akwai wanda ya iya gwaza da madarar kwakwa?"

"Ban sani ba."

"To kin gani."

Muka yi ta ja. Ta bar mini tukunyar da gwazar, ni kuma na kau da kai ga gwangwani biyu. Sai na zo kan jakar magungunanta. Na guiwa na san shi, na sukari na san shi, domin ni nake kawo mata su. Amma akwai kwali na uku, maganin hawan jini, kuma Mama ba ta da hawan jini, sai dai ta sa wa wasu. Na juya kwalin na karanta sunan da ke jiki: Saimone Halatoa.

Na san shi. Wani dattijo ne dogo, mutumin Tonga, maƙwabtan Samoa da ba ma raga wa juna, tsohon direban bas. Matarsa ta rasu da daɗewa. Shi ke tuƙa 'yar motar da ke kai tsofaffin unguwa motsa jiki a wurin ninƙaya duk Talata. Shekara biyu ke nan Mama ba ta fasa zuwa ba ko ana ruwan sama, mu kuwa muna ta yabon yadda take kula da guiwarta.

Na ɗaga kwalin. Mama ta ci gaba da ninke tawul kamar ba ta gani ba.

"Mantuwa gare shi," ta ce. "In na bar masa, a kan tebur zai baro su."

"Mama, tare da mu zai tafi?"

"Shi ya yanki tikitinsa, ɗakinsa daban, hawa biyu ƙasa da namu. Ki daina kallona haka, ni na haife ki."

"Mutumin Tonga ne fa."

"Na sani. Su ma Allah ne ya yi su, ko da yake ranar yana sauri."

Dariya ta ƙwace mini, na zauna a kan akwatin. Na dubi fuskarta sai na ga kunya, irin wadda ban taɓa gani a wurinta ba, har tana wasa da bakin tawul. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da ban lura ba duk tsawon lokacin nan.

"To wa zai gaya wa Yaya?"

"Ba ke ce mai takarda da biro ba? Ki sa a jerin."

Sau uku ina ɗaukar waya a ranar ina ajiyewa. Ban iya ba.

Washegari Lahadi, bayan an taso coci, duk muka taru a gidan Mama cin abincin rana, domin ranar ce Anti Mafa za ta raba anko kowa ya gwada. Ana cikin zuba abinci aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya Alapati ya buɗe. Baba Saimone ne, da farar riga da baƙin zani irin na mazan ƙasarsu, rungume da doya guda biyu manya daga lambunsa.

"A'a, Baba direba! Yau ai ba Talata ba ce," in ji Yaya. "Shigo, shigo, a ci da kai. Mun yafe muku, ku 'yan Tonga, wasan zari-rugar bara."

"Mun gode, ɗana, tunda mu muka ci."

Aka yi dariya, aka ba shi kujera. Ni dai kaina na kan faranti.

Bayan an ci an sha, Anti Mafa ta buɗe jakarta tana kiran suna tana miƙawa. Da ta kai ta sha huɗu ta tsaya, ta ɗago ta ƙarshe ta girgiza ta. Yaya ya miƙe tsaye, ya zaro takarda daga aljihu, ya yi gyaran murya.

"Iyayena, 'yan'uwana, yau shekara tara..."

"Saimone," Mama ta katse shi, "tashi ka gwada mu gani."

Dattijon ya tashi a hankali, ya ɗora rigar a kan tasa, ya sa maɓallai tun daga wuya har ƙasa. Ta zauna masa ɗas.

Yaya ya dubi rigar, ya dubi takardarsa. "Amma... ai ta Baba ce."

Mama ta je ta kama hannunsa. "Alapati, shekara arba'in da ɗaya na yi da mahaifinka. Ba na bukatar riga a kujera kafin in tuna shi, kullum na kalli fuskarka ina ganinsa, har tumbin. Wannan bawan Allah kuwa shi ke jirana in na makara, shi ke riƙe mini hannu a matakala. Ina so in ga teku tare da shi. Ka zauna."

Ya zauna. Can kuma ya sake miƙewa, ya ce yana son magana da Baba Saimone a bayan gida, maganar maza. Mu mata muka yi cincirindo a tagar kicin. Muna jin Yaya yana tambayarsa cocin da yake zuwa, da ko yana shan giya, da mene ne nufinsa da mahaifiyarsu.

"Nufina in riƙe mata jaka in za ta hau matakala," in ji dattijon. "Sauran kuma ita ke da nufi, ni bi nake yi."

Suka dawo, Yaya yana cin magani. Anti Mafa ta ce saura shi kaɗai bai gwada tasa ba. Ya sa hannu ɗaya, ya sa na biyu da ƙyar, ya ja gaban rigar, maɓalli da ƙofarsa suka tsaya suna hangen juna, tazarar tafin hannu a tsakaninsu.

"Anti, kin yi kuskure a yanka."

"Ni? Kai ka faɗa mini awonka ta waya, ka hana ni in zo da tef."

Matar Yaya ta ce daga kicin, "Awon da yake sa ran kaiwa ne ya ba ki, Anti. Tun Janairu yake cewa gobe zai fara gudu."

Yara suka faɗi ƙasa don dariya. Anti Mafa ta ce babu abin da za ta iya, ko ƙyallen ɗaure yatsa bai rage ba, kuma yadin ya ƙare a shagon da ta saya.

Baba Saimone ya dubi dogayen hannuwan rigarsa. "Mafa, inda za mu ai zafi ake yi. Ki mayar da tawa mai gajeren hannu, ki ƙara wa yaron nan a gefe da gefe."

"Ba na so," in ji Yaya.

"To ka shiga hoto da singileti," in ji Mama.

Ranar Talata Anti Mafa ta kai wa Yaya rigar, an faɗaɗa ta da hannuwan mutumin Tonga. Ta yi masa daidai. Ya ce a gaya wa dattijon aro ya karɓa, ba kyauta ba.

Muka tashi ranar Asabar mu goma sha biyar. Kwana biyun farko duk inda Mama da Baba Saimone suka zauna shan iska, sai ka ga Yaya ya jawo kujera tsakiyarsu, wai nan ne inuwa ta fi. A kwana na uku aka buɗe gasar jifan zobe a saman jirgin, ana neman 'yan wasa bibbiyu. Yaya ya rasa abokin wasa, ya ɗauki dattijon a kan dole, suka kai har zagayen ƙarshe kafin wasu tsofaffi mata biyu daga garin Toowoomba su fitar da su. Daga ranar tare suke karyawa, suna zagin alƙalin wasan.

Da muka dawo gida Yaya ya kira taron dangi, ya sanar cewa ya yi nazari, kuma a matsayinsa na babba ya amince, in Baba Saimone ya aiko da manyansa za a saurare su.

Mama ta ajiye kofin shayinta. "Wa ya ce maka aure zan yi? Na wanke safar namiji shekara arba'in da ɗaya, na yi ritaya."

Baba Saimone ya gyaɗa kai, ya ce shi ma haka aka gaya masa tun farko, kuma ya iya wankinsa. Yaya ya yi sati biyu yana fushi da su duka biyun, don ya riga ya kama zauren coci.