Sunan Seu Valdomiro

Seu Valdomiro ya ga fari, ya ga ambaliya, ya ga zamanin da kuɗi ke narkewa a aljihu kafin mutum ya isa kasuwa, amma duk garin Caruaru ba wanda ya taɓa binsa ko sisi. Bai yi boko ba, da faci da gumi ya gina shagon tayoyinsa. Shi ya sa ya shiga kantin firji yana taƙama, zai ɗauka ya riƙa biya wata-wata kamar kowa.

Mai sayarwa ta danna lambar shaidarsa a kwamfuta, ta ɗago kai.

"Baba, sunanka ya ɓaci. Makinka na bashi ya faɗi warwas."

"Sunan wa? 'Yar nan, sake dubawa, ko injin naki bai karya kumallo ba."

"Katin bashin shagonka ne aka daina biya."

"Ai na shago kika ce. Shagon kuwa tun bara na bar wa mijin 'yata."

"Kai ka sa hannu ka tsaya wa shagon. In ya gaza, wuyanka ake kamawa."

Ashe haka ne. Ranar da ma'aikacin banki ya ba shi kofi, ya tura masa takarda yana murmushi, bai ce masa shago da mai shago tuwonsu ɗaya ba. Mutumin da yunwa ba ta kayar ba, wai ɗan guntun roba ne zai kayar da shi a gaban yarinya sa'ar jikarsa.

Ya tarar da surukin nasa Genivaldo a bakin shago yana goge sabon babur, ƙarƙashin allon da har yanzu ke ɗauke da sunan Valdomiro.

"Baba, sannu da zuwa. Ka ga doki?"

"Na gani. Da sunana ka sayo shi?"

"Haba Baba, katin kamfani ne. Kamfani ake bi, ba kai ba."

"Kamfani ne aka kora daga kanti yanzu? Kawo katin."

Valdomiro ya karɓi katin, ya ɗora shi a kan taya, ya raba shi biyu da wuƙar faci. Ya tuɓe rigar zuwa gari, ya ciro tsohuwar rigar aikinsa daga jikin ƙusa.

"Babur gobe kasuwa. Kai kuma daga yau yaron shago ne, har sunan nan ya koma yadda na ba ka aronsa."

Wata motar ɗaukar rake ta tsaya da faci. Tsoho ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara.

"Me kake kallo? Miƙo jak."